Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitocinmu kan matasan da jijiyoyin cikinsu suka matse

Zuwa ga likitocin asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohinmu, musamman likitocin ciki, na yara, na mata, na mafitsara, na tiyata, da masu ɗaukar hoto da masu karanta shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki. Allah Ya saka muku da alheri bisa haƙurin da kuke yi da jama'a cikin ƙarancin kayan aiki da ƙarancin hannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ƙarƙashinku a ɗakin mata da na yara, kuma ban ɗauki alƙalami don in koya muku aikinku ba. Akwai wasu marasa lafiya ne da nake ganin suna suɓuce mana, mu da ku baki ɗaya. Tunda mu ne ke kwana a kansu, mu ke kwashe aman, mu ke ganin kwanon abinci ya koma gida yadda ya zo, na ga ya wajaba in yi magana a bainar jama'a.

Kun san su. Yarinya ce ko saurayi, daga balaga zuwa shekara talatin da 'yan kai, amma 'yan mata sun fi yawa. Siririya ce, sau da yawa doguwa. Da ta ci abinci sai ƙahon zuci ya ɗauki ciwo, loma kaɗan ta ji ta ƙoshi, ciki ya kumbura, can sai amai. Kafin ta iso gabanku ta riga ta sha maganin olsa na kemis har ta gaji, an yi mata gwajin taifot an ɗirka mata allurai, an ba ta maganin tsutsar ciki. A wurinku a gwada tibi, a gwada ƙanjamau, a gwada juna biyu, wani lokaci har a zura na'ura a leƙa tumbi. Komai ya fito lafiya lau. Sai a rubuta olsa a kati, a sake ba ta maganin da ta riga ta sha, a ce ta dawo bayan wata guda. Ta dawo ta ƙara ramewa.

Daga nan maganar takan bar hannunmu ta koma gida, kuma a gida ba a barin ciwo babu suna. Wani ya ce sammu ne, wata ta ce iska ce, wani ya ce makarantar ce ba ta so, ko mijin da aka zaɓa mata. Mafi ciwo, budurwar da ke amai kullum ba ta tsira daga zargi, ko da gwaji ya wanke ta. Ba ni da ja a kan addu'a, ni ma da ita nake farawa a kan kowane marar lafiya. Abin da ke damuna shi ne kalmar nan tamu ta "ba mu ga komai ba", domin a kunnen iyaye ta zama shaidar cewa yarinya lafiyarta ƙalau, kuma daga ranar ta rasa mai gaskata ta.

Na sani sarai cewa mafi yawan masu ciwon ciki a ƙasar nan abin da kuke zato shi ne ke damunsu: gyambon ciki, tsutsa, tibin ciki, sikila, ciwon hanta. Daidai ne ku fara da waɗannan. Roƙona a kan ragowar ne, 'yan tsirarun da an bi duk waɗannan ƙofofi ba a dace ba. A cikinsu akwai waɗanda wata jijiyar jini ko wani sashe na hanji ya matse a cikinsu, kuma abin da ya sa na rubuto shi ne, matsewar nan ba koyaushe take zuwa ita kaɗai ba. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar biyu, wani uku, wani ma duka huɗun da zan bayyana.

Ku ba ni dama in bi tsarin jikin da Hausa, saboda iyayen da za su karanta wannan wasiƙa tare da ku. Uwar jijiya, wadda ke ɗauko jini daga zuciya, tana gangarowa ne ta gaban ƙashin baya. Da ta keto shamakin naman da ya raba ƙirji da ciki sai ta fid da reshe na farko, mai shayar da tumbi da hanta da saifa. Ƙasa kaɗan sai reshe na biyu, mai shayar da ƙaramin hanji da wani sashe na babban hanji. Wannan na biyun ba gaba yake miƙewa ba, saukowa yake yi ta gaban uwar, sai su biyun suka zama kamar bakin awartaki. Ta cikin bakin nan abu biyu ke ratsawa. Na sama shi ne jijiyar da ke kwashe jini daga ƙodar hagu. Na ƙasa kuwa wani sashe ne na farkon ƙaramin hanji, hanyar da abinci ke bi bayan ya bar tumbi. Abin da ya tokare bakin ya hana shi rufewa kitse ne kawai. A jikin lafiyayyen mutum kusurwar bakin nan takan kai digiri 38 zuwa 65, tazarar da ke tsakani kuma milimita 10 zuwa 28. Idan kitsen ya narke, kusurwar ta sauko ƙasa da digiri 25, tazarar ta gaza milimita 8, to duk abin da ke cikin bakin ya shiga uku.

Idan hanjin ne ya matse, shi ne ciwon da ake jingina wa David Wilkie, likitan tiyata na Edinbara, wanda ya wallafa bayanin marasa lafiya 75 a 1927, ko da yake likita Rokitansky na birnin Biyana a Ostiriya ya riga shi lura da abin tun ƙarni na 19. Abinci ya iso wurin ya tarar hanya ta tsuke, sai ya taru, tumbi ya buɗe, a yi amai mai ɗaci, rawaya ko kore, saboda toshewar tana ƙasa da inda ruwan matsarmama ke shigowa. Masifar wannan ciwo ita ce shi ke ciyar da kansa. Amai ya kawo rama, rama ta cinye kitsen, kusurwa ta ƙara tsukewa, amai ya ƙaru. Abin da ya fara tayar da shi kuwa ba ya wuce abubuwan da muke gani kullum: doguwar jinya da ta zabge mutum, ƙunar wuta mai faɗi, tibi, saurin tsawo lokacin balaga ba tare da ƙiba ta biyo baya ba, aikin miƙar da ƙashin baya, ko yarinyar da ta takura wa kanta da ƙin cin abinci. Wato mai tibi da ta warke daga tibin tana iya ci gaba da amai saboda wani dalili na daban da ramar ta haifar, mu kuma muna ta ɗora wa magani laifi.

Akwai alamar da mu masu aikin dare muka fi ku damar gani. Bayan cin abinci sai ka tarar da yarinya ta kwanta rub da ciki, ko ta kwanta ta ɓangaren hagu, ko ta durƙusa ta haɗa gwiwa da ƙirji, ta ce a haka ne kawai take samun sauƙi. In ta kwanta rigingine ciwon ya taso. Dalili a fili yake, waɗancan kwanciyar suna ɗage reshen daga kan hanjin. Marar lafiya ba za ta faɗa muku wannan da kanta ba, don ba ta ɗauke shi abin faɗa wa likita ba. Sai an tambaye ta. Kuma kada a raina ciwon don ba a cika ganinsa ba: aman yakan zubar da gishirin jini, musamman fotasiyam, tumbi yakan cika ya buɗe fiye da kima, amai yakan faɗa huhu, kuma an rasa rayuka ta waɗannan hanyoyi.

Idan jijiyar ƙodar hagu ce ta matse, shi ne wanda littattafanku ke kira Nutcracker. El-Sadr da Mina sun bayyana shi a 1950, likitan nan ɗan Beljiyam de Schepper ya raɗa masa sunan a 1972. Jini ya shiga ƙoda ya rasa isasshiyar mafita, sai ƙananan jijiyoyi su tsattsage cikin hanyar fitsari. Ga jini a fitsari, wani a gan shi da ido, wani sai a ɗakin gwaji. Ga ciwon kwiɓin hagu da ke ƙaruwa da tsayuwa ko gudu. Wani kuma furotin ne ke fita a fitsarinsa idan ya wuni a tsaye, fitsarin asuba kuwa tas.

A nan ne nake son ku dakata, domin a ƙasarmu jini a fitsarin yaro sunansa tsargiya tun kafin a gwada. Kuma da hujja. Yaron da ya tashi yana wanka a magudanan Kadawa, ko Bakalori, ko Goronyo, ko fadamun Haɗeja da Nguru, tsargiya ce abin da ya kamata a fara zato, a ba shi maganinta, firazikwantel. Amma jinin tsargiya a ƙarshen fitsari ya fi fitowa, kuma ana ganin ƙwan tsutsar idan aka duba da kyau. Yaron da aka duba sau da dama babu ƙwai, ya sha magani yadda ya kamata, jini bai tsaya ba, fitsarin a gauraye yake da jini daga farko har ƙarshe, ga ciwo a kwiɓin hagu kaɗai, ga shi siriri, wannan ya cancanci a duba jijiyar ƙodarsa ta hagu. A haɗa da gwajin jinin sikila, domin masu AS ma sukan yi fitsarin jini, shi ma kuma daga ƙodar hagu ya fi fitowa.

Jinin da ya rasa hanya ba ya tsayawa wuri ɗaya, juyawa yake yi ya gangara ta jijiyar da ta taso daga maraina ko daga gidan ƙwai na hagu, tunda a hagu wannan jijiya cikin ta ƙoda take zuba. A namiji sai jijiyoyin marainan hagu su kumbura su nannaɗe. A mace sai mara ta cika da jini: nauyi da ciwo da ke ƙaruwa da yamma bayan wunin tsayuwa, al'ada mai tsananin ciwo, zafi lokacin saduwa ko bayanta ga mai aure. Irin waɗannan mata kan shekara suna shan maganin sanyi, ana canza musu wannan ƙwaya da waccan allura, alhali babu ƙwayar cuta ko ɗaya a tare da su.

Matsewa ta uku tana can ƙasa, daidai ƙugu. Jijiyar da ke kai jini ƙafar dama tana haye ta kan wadda ke dawo da jini daga ƙafar hagu, ta danne ta a jikin ƙashin baya. Tun 1851 likitan Jamus Virchow ya lura cewa daskarewar jini ta fi kama ƙafar hagu. A 1957 May da Thurner a Ostiriya suka duba gawa 430, suka tarar da tabo a cikin wannan jijiya a kashi 22 cikin ɗari. Mutum na iya rayuwa da wannan bai sani ba har sai wani abu ya ƙaru a kai: juna biyu, jego, doguwar kwanciya, ko ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin. Sai a wayi gari ƙafar hagu ta kumbura tun daga cinya, ta yi nauyi, ta yi zafi. Mai jego a ƙauye idan haka ta same ta, ruwan zafi da tausa za a fara yi mata, kuma tausa a kan ƙafar da jini ya daskare a ciki tana iya ɓalle gudan ya tafi huhu. Wannan saƙo ne da ya kamata ya kai ga ungozomomi. Ku kuma, ranku ya daɗe, idan budurwa ko matashiyar uwa ta zo da daskarewar jini a ƙafar hagu, hoton da ya tsaya a cinya bai gama aiki ba, a hau har ƙugu.

Matsewa ta huɗu tana sama, a kan reshe na farko. Wata igiyar nama mai tauri da ke gindin shamakin numfashi takan sauko ƙasa da inda ya kamata, ta danne reshen tare da curin jijiyoyin jin zafi da ke kewaye da shi. Harjola na ƙasar Finlan ya bayyana shi a 1963, Dunbar a Amurka a 1965. Ciwo ne a ƙahon zuci bayan cin abinci ko motsa jiki, har mutum ya koma tsoron abinci. Dannewar tana tsananta idan aka fitar da numfashi, tana sassautawa idan aka ja. Wannan ƙaramin bayani yana da nauyi, domin an saba ɗaukar hoton CT, mai nuna cikin jiki yanka-yanka, marar lafiya ya ja numfashi ya riƙe, wato a daidai lokacin da matsewar ta ɓuya.

To me ya haɗa su a jiki ɗaya? Matsewar hanji da ta jijiyar ƙoda ba sa bukatar dogon bayani, baki ɗaya ne ya cije su. Wanda kusurwarsa ta tsuke har ta toshe hanji, jijiyar ƙodar da ke sama da hanjin ita ma tana iya matsewa. Matsewar reshe na farko kuma tana iya zama mafarin duka: ciwo ya hana ci, rashin ci ya narkar da kitse, sai hanji da jijiyar ƙoda su biyo baya. Yarinyar da ta fara da ciwo ɗaya bara, bana tana da uku. Matsewar jijiyar ƙoda da ta ƙugu kuwa haɗuwarsu ta fi muni ga mata. Jinin ƙodar hagu ya gudo mara yana neman mafita, mafitar mara ta hagu kuma ita ce jijiyar ƙugun da aka danne. Sama a tsuke, ƙasa a tsuke. Shi ya sa likitan da ya ga jijiyar gidan ƙwai ta kumbura ya toshe ta, ba tare da ya duba jijiyar ƙoda ba, yana iya rufe wa ƙodar hanyar da take samun sauƙi ta nan, ciwon kwiɓi da fitsarin jini su ƙaru.

Akwai kuma abin da likitocin da suka ga irin waɗannan marasa lafiya da yawa, musamman a Jamus da Amurka, suka ba da rahoto: da dama daga cikinsu gaɓoɓinsu na da laushi fiye da kima, irin na ciwon Ehlers-Danlos, inda naman da ke riƙe kayan ciki da bangon jijiyoyi ba shi da ƙwari. Gwada wannan ba ya cin ko sisi. Ma'aunin Beighton mai maki 9 ne, a kan ƙaramin yatsa, babban yatsa, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, da dafa ƙasa da tafin hannu ba a lanƙwasa gwiwa ba, kuma a Afirka ta Kudu aka fara amfani da shi a 1973. Sai dai laushin gaɓa ya yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, don haka maki kaɗai ba ya yanke hukunci, ishara ce da ake haɗawa da sauran alamu. Haka nan jiri da bugun zuciya idan an miƙe tsaye. A auna bugun a kwance, a sake aunawa cikin minti 10 na tsayuwa. Ƙarin 30 a minti ga babba, ko 40 ga mai shekara 12 zuwa 19, ba tare da awon jini ya faɗi ba, abin lura ne. 'Yan matan da ke yanke jiki su faɗi a layin makaranta ba duka ne aljanu suka taɓa ba.

Yadda muka rarraba aikinmu shi ke ɓoye wannan haɗuwa. Aman yana wurin likitan ciki, fitsarin jini yana wurin likitan mafitsara, ciwon mara yana wurin likitan mata, kumburin ƙafa yana wurin wani, jirin kuma a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kowa da ranar ganinsa, kowa da layinsa, wani lokaci ma kowa da katinsa. Uwa na safa da marwa da yarinyar da ba ta iya tsayuwa, kuma babu wanda ya taɓa jin labarin daga farko har ƙarshe. Koke biyar a bakin yarinya ɗaya sai ya zama hujja a kanta, a ce ta cika raki, alhali yawan koken shi ne babbar alamar.

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, don ina tsoronsa kamar yadda nake tsoron na farko. Ganin matsewa a hoto ba shi ne ciwo ba. Dannewar reshe na farko ana ganin ta a kashi 10 zuwa 24 cikin ɗari na mutanen da ba su da wani koke. Alƙaluman May da Thurner su ma sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da nasu, mafi yawa kuma har su mutu ba su sani ba. Siraran yara da yawa jijiyar ƙodarsu a ɗan matse take ba tare da wata illa ba. Saboda haka hoto sai ya dace da labarin marar lafiya, kuma sai an kore sauran cututtuka. Ina faɗin haka ne don yanzu iyaye na karanta abubuwa a intanet, suna ganin hotunan waɗanda aka yi wa aiki a waje, kuma uban da ya ga 'yarsa na narkewa zai sayar da gona ya nufi Masar ko Indiya a kan takarda ɗaya. Idan ba ku ne kuka yi masa bayani ba, wanda zai yi masa ba lallai ne ya ji tausayin aljihunsa ko jikin 'yarsa ba.

Maganin farko a yawancin lokaci ba wuƙa ba ce. Mai matsewar hanji ana fara sauke abin da ya taru a tumbi, a gyara ruwa da gishirin jini, sannan a ciyar da ita kaɗan-kaɗan, abinci mai ruwa-ruwa mai gina jiki, ta kwanta ta hagu ko rub da ciki bayan ci. In hakan bai yiwu ba a zura siririn tiyo ta hanci har ya wuce wurin da ya tsuke. Kitsen na dawowa, hanya na buɗewa, sau da yawa har da jijiyar ƙodar. Amma jikin da ya daɗe da yunwa ba a dura masa abinci gaba ɗaya, gishirin jini irin su fosfet da fotasiyam na iya faɗuwa su taɓa zuciya, don haka a bi a hankali ana gwada jini. Sai wannan ya gaza ake zuwa aikin haɗa hanjin da ke sama da toshewar da na ƙasa, aikin da likitocin tiyatarmu sun iya. Mai matsewar jijiyar ƙoda da bai kai 18 ba, in jinin da yake zubarwa bai yi yawa ba, ana iya sa masa ido har shekara 2, domin da yawa kan warke idan sun girma sun yi jiki. Bututun raga da ake sakawa cikin jijiya yana da amfaninsa, musamman a ƙugu bayan daskarewar jini, amma abu ne da yarinya za ta rayu da shi, kuma wanda aka saka a jijiyar ƙoda an sha samun ya zame, har ya kai zuciya. Sakin igiyar da ta danne reshe na farko yana taimakon wasu sosai, wasu kuma ciwon ya dawo. Gaskiyar da za a faɗa wa iyaye ke nan tun kafin su sa hannu. Idan kuma matsewar ta fi ɗaya, tambayar wacce za a fara taɓawa ba ta likita ɗaya ba ce.

Kada kuma a ce tunda an sami jijiya a matse, to zuciyar yarinya ba ta bukatar kulawa. Wadda ta shekara tana amai ana ƙaryata ta, damuwa ta riga ta kama ta. Wata ma ƙin cin abincin ne ya fara, matsewar ta biyo baya, kuma dole a yi maganin duka biyun tare. Tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa alheri ne idan an yi shi a matsayin ƙarin taimako, an kuma gaya mata haka. Idan aka yi shi don a rabu da ita, ta sani, kuma ba za ta je ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar sabon gini. A ɗora kowane matashi mai ciwon ciki a kan sikeli duk zuwa, a rubuta, don rama ba ta ɓuya a takarda ko da ta ɓuya a cikin hijabi. A tambayi launin aman, da irin kwanciyar da ke kawo sauƙi, da launin fitsari, da ciwon mara, da nauyin ƙafar hagu, ko da ba su ne suka kawo ta ba. Idan za ku tura hoto, ku rubuta abin da kuke nema a takardar. "Ciwon ciki" kawai zai sa mai sikanin ya duba hanta da ƙoda da mahaifa ya ce lafiya, kuma bai yi ƙarya ba. In kun rubuta a auna kusurwa da tazara, a duba faɗin jijiyar ƙodar hagu kafin matsewa da daidai matsewar, a auna gudun jini a reshe na farko da jan numfashi da fitar da shi, zai yi. Siraran nan su ne ma suka fi sauƙin gani a na'urar Dofla, wato sikanin da ke auna gudun jini. Gudun da ya haura santimita 200 a sakan lokacin fitar da numfashi, ko jijiyar ƙoda da faɗinta na baya ya ninka na wurin matsewa kusan sau 5, sun isa a zurfafa bincike. In hali ya yi a duba ta a kwance, a kuma duba ta a tsaye.

Hoton CT da allurar rini kuɗi ne mai yawa ga talaka, shi ya sa nake roƙon masu karanta hoto da abu ɗaya. Da yawa cikin yaran nan an riga an yi musu shi, faifan yana cikin jakar uwar. A karɓa a sake dubawa ta gefe, a auna kusurwar. Amsar na iya kasancewa a cikin hoton da aka riga aka biya. Duk wanda kuma ya ga matsewa ɗaya a hoto, don Allah ya duba sauran wurare ukun kafin ya sa hannu a rahoto, ya rubuta abin da ya gani, ko akwai ko babu.

Ga shugabannin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos, ku ne ke da na'urori da ƙwararru a ƙarƙashin rufi ɗaya. Zama ɗaya a wata, inda likitan ciki da na tiyata da na mata da na mafitsara da mai karanta hoto da masanin abinci za su buɗe katin matasan da aka rasa gane kansu, zai wadatar a fara. A ajiye kundi na waɗanda aka tabbatar, a wallafa, domin awon kusurwar da muke dogaro da shi daga jikin mutanen wasu ƙasashe aka samo mafi yawansa, kuma ɗalibanku masu neman abin bincike za su iya auna na mutanenmu daga hotunan da ke ajiye. A tanadi siririn tiyon ciyarwa mai wuce tumbi da wanda ya iya saka shi. A kuma yi magana da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da hukumomin jihohi kan kuɗin hoton da na abincin tiyo, don makonni ake ɗauka ana ciyarwa, ba kwana biyu ba.

In an gano ciwon, a zaunar da uwa da uba, in da hali har da kaka ko gwaggon da ake jin maganarta a gidan, a zana musu a takarda, a yi bayani da Hausa a gaban yarinyar. A ba ta takardar da za ta kai makaranta, don a bar ta ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan tsakanin darussa, a ɗauke mata doguwar tsayuwa. Mu ma'aikatan jinya a shirye muke mu ɗauki awon nauyi, mu rubuta abin da ta ci da abin da ta amayar da launinsa, mu lura da kwanciyarta bayan abinci, mu auna bugun zuciya a kwance da a tsaye. Ku rubuta mana umarnin a kati, ku kuma duba abin da muka rubuta idan kun zo zagayen safe.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya.